Daga Crail, garin kasuwa da ba mai talla

Yaya, barka da war haka. Ka ce in ba ka labarin inda na sauka, to ga shi.

Sunan ƙauyen Crail, a gaɓar tekun gabashin Sikotland, mil goma daga St Andrews inda nake aiki. Mutanensa ba su kai dubu biyu ba. Ranar da na iso aka nuna mini wani faffaɗan titi, Marketgate, aka ce nan ce tsohuwar kasuwarsu, wai tun 1310 Sarki Robert Bruce ya ba su takardar izinin cin kasuwa har ranar Lahadi. Na waiga hagu da dama, ko mai tallan gyaɗa babu, sai motoci a fake.

Kifi ne ya gina garin. Busar da shi suke yi, kamar dai bandar Baga, su kai Holan, jirage su dawo da jajayen tayil na rufi da har yau ke kan gidajensu. Ƙararrawar da ke hasumiyar tsohon ɗakin majalisa ma daga can ta zo, ƙirar 1520, kuma a ƙolin hasumiyar siffar kifi suka kafa mai nuna inda iska ta dosa. Yanzu ƙaguwa ake kamawa da wani ƙaton jatan lande mai almakashi, a dafa maka a wata 'yar bukka bakin tashar jiragen. Na tambayi ragi, matar ta yi murmushi, ta ɗauka wasa nake.

Ruwan famfo kai tsaye nake sha, wuta ba ta ɗaukewa, maganin da likita ya rubuta kyauta ne. Amma zif ɗin rigar sanyina da ya lalace, kuɗin gyaran ya kusa na sabuwa. A Kwari da tuni tela ya gama kafin in sha shayi. Naman halal kuwa sai na hau bas biyu zuwa birnin Dundee.

Abin da ya fi ɗaure mini kai ƙwai ne. A ƙofar wata gona an jera su a akwati, ga gwangwanin kuɗi, ba kowa a wurin. Na daɗe tsaye ina jiran mai shi.

In ka samu mai zuwa, a haɗo mini kuka da yaji. Kilishi kada ka wahalar da kanka, ba a barin nama ya shigo. A gaida Inna.