Daga Yamai zuwa Agadas: jirgi ko kar?

Idan ka tashi daga filin jirgin sama na Diori Hamani a Yamai zuwa filin Mano Dayak na Agadas, tazarar ta sama wajen kilomita 740 ce. Jirgi mai farfela yakan cinye ta cikin awa 2 ko ƙasa da haka. Ko da ka haɗa da zaman jira da binciken kaya, wanda ya bar gida da hantsi zai yi azahar a Agadas.

Ta ƙasa kuwa hanya ba ta miƙe ba. Kar, wato motar safa, sai ta bi Dosso, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, sannan ta juya arewa zuwa Tawa da Abalak, kusan kilomita 950 ke nan. Har Tawa da sauƙi. Daga can ne wahalar take, domin hanyar da ake kira ta uraniyum, wadda ta tashi daga Tawa ta bi ta Agadas, ta ci jiki, ga ramuka, ga yashi, ga shingayen jami'an tsaro. Wanda ya shiga kar da asuba ba ya ganin Agadas sai dare ya raba, wani lokacin sai gari ya waye.

Kar tana da nata amfani: kuɗinta kaɗan ne, kullum akwai ta, kuma ɗan kasuwa zai iya ɗora buhunansa. Jirgi kuwa tikitinsa da tsada, kuma ba kowace rana yake tashi ba.

Ni dai, idan tsohuwa ce, ko mara lafiya, ko mai goyo, ba zan yarda a sa su wannan hanya ba matuƙar da halin tikiti, ko da dangi za su yi karo-karo.