Gargaɗi a kan masu rajistar wasiyyar Dubai ta waya: dala 4,500 aka karɓe mini

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in yarda in rubuta ta, domin ba ƙaramin abin kunya ba ne a ce mutumin da ya yi shekara 31 yana sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, wanda ake kira sulhu idan rikicin bashi ya tashi a layinsu, shi ne yaron da bai kai ɗansa na fari shekaru ba ya zaunar a ofis ya karɓe masa dala 4,500. Ban ce naira ba, dala 4,500 na ce, waɗanda na saya da hannuna a Wapa a lokacin da dala ɗaya ta haura naira 1,500, wato kusan naira miliyan 7 ke nan.

Ina da ɗan gida mai ɗaki biyu a wani bene a Dubai, wanda na saya a 2014 lokacin da kasuwa take garawa, da kuma asusun ajiya da kuɗin haya yake shiga. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne rasuwar wani aminina da muka yi shekaru muna sauka masauki ɗaya a unguwar Deira ta Dubai. Yana rasuwa aka rufe asusunsa, kamar yadda tsarin ƙasar yake, sai kotu ta tantance magada, kuma na ga yadda iyalinsa suka yi ta zirga-zirga da takardu tsakanin Kano da Abuja. A daidai wannan lokaci Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta dakatar da ba 'yan Najeriya biza tun Oktoban 2022, don haka ko na so in je in gyara al'amurana da kaina babu hanya. Duk mai cewa na yi gaggawa, to ya fara sa kansa a wannan hali tukuna.

Ba a titi na tsinci yaron da ya cuce ni ba. A wajen ɗaurin aure wani wanda nake ganin girmansa ya gabatar mini da shi a matsayin lauya mai hulɗa da kotunan Dubai, kuma har gobe ban yarda wancan bawan Allah ya san halinsa ba. Ofishinsa yana hawa na biyu a wani bene, da kwamfuta da shiryayyun littattafai da sakatariya. Ranar da na fara zuwa ya miƙe tsaye ya karɓe ni, ya ce, "Baba Alhaji, ai da ka aiko ni zan zo." Da aka kira La'asar shi ya shimfiɗa mini darduma, muka yi salla tare, bayan mun idar ya juyo ya karanto hadisin da ya ce bai kamata Musulmi mai abin da zai yi wasiyya a kansa ya kwana biyu ba tare da wasiyyarsa tana rubuce ba. Na sa hannu a aljihu zan ba shi kuɗin shawara, ya riƙe hannuna ya ce, "Haba Baba, ɗa ba ya karɓar ladan magana a wajen ubansa." Wannan riƙe hannun shi ne ya gama da ni. Kullum dare sai na sake ganin hannunsa a kan nawa, ina tambayar kaina me ya kamata in gani a fuskarsa wanda ban gani ba, kuma wallahi har yanzu ban samo shi ba.

Ya ce akwai kotun cibiyar hada-hadar kuɗi ta Dubai, DIFC, wadda take rajistar wasiyya ta kiran bidiyo ba sai mutum ya je ba, ya buɗe shafinta a intanet ya nuna mini. Wannan gaskiya ne, akwai ta, tun 2015 take rajistar wasiyya, kuma ana yin sa daga nesa. Abin da ya ɓoye, wanda ban sani ba sai a watan Nuwamba, shi ne rajistar ta waɗanda ba Musulmi ba ce kawai, kuma ba su taɓa zama Musulmi ba. Musulmi kuwa dukiyarsa ta can shari'ar Musulunci ce take raba ta.

Kuɗin kashi uku na biya. Dala 1,200 na buɗe fayil a watan Fabrairun 2024, sai dala 1,500 da ya ce na fassara zuwa Larabci da hatimin ofishin jakadanci ne. A'a, wannan shi ne na ƙarshe, domin na tuna ana cikin azumi na kai shi. Na tsakiya dala 1,800 ne, kuɗin kotu, ana gobe za a yi kiran bidiyon. Kiran kansa bai wuce minti goma ba. Wani mutum ne da farar jallabiya da tuta a bayansa, ya tambayi sunana, ya sa na ɗaga fasfo, ya ce mabruk, shi ke nan. Bayan mako biyu aka kawo mini takarda mai hatimin ruwan zinare a cikin jan bango, na kai ta gida na kulle a akwatin da nake ajiye takardun filaye, har na tara iyalina na ce su kwantar da hankalinsu. Jimilla dala 4,500, kuma rasit ɗin da ya ba ni babu sunan kowace kotu a kansa, sai sunan kamfaninsa.

An buɗe biza a watan Yulin 2024, amma ban samu tafiya ba, sai na aika hoton takardar ga ɗan ƙanwata da yake karɓar mini haya a can, na ce ya je ya tabbatar da lambar rajistar. Ya kira ni yana ta kame-kame, daga ƙarshe ya ce, "Kawu, ka yi haƙuri, lauyan da na nuna wa tambayata ya yi, wai yaushe ka bar Musulunci." Lambar babu ita a ko'ina. Na kira wayar yaron a kashe, na je ofis na tarar an mai da shi wurin ɗinki, mai benen ya ce tun bayan babbar salla ya kwashe kayansa.

Abin da ya fi kuɗin ciwo shi ne na yi karatun zaure, na san babu wasiyya ga magaji, na san wasiyya ba ta wuce sulusi, amma na zauna aka rubuta cewa gidan na 'ya'yana mata ne, domin ya ce wannan ba rabon gado ba ne, kariya ce kawai kada gwamnatin can ta riƙe gidan. Na yi tambaya, kada wani ya ce ban yi ba. Sau biyu na yi ta, ya ba ni amsar da ta zauna a lokacin. Sannan yana riƙe da hoton fasfona da na takardar mallakar gidan da sa hannuna, abin da ya hana ni barci har sai da aka duba mini a hukumar filaye ta Dubai aka ga gidan yana nan da sunana.

Duk wanda ya ce zai yi wa Musulmi irin wannan rajista, ɓarawo ne, ku tashi ku bar wurin. Ku tambayi malamin gado, ku nemi lauyan da kuka tabbatar da rajistarsa, kuma kada ku ba kowa dala hannu da hannu.

Na kai ƙara, an karɓi bayanina, kuma a can na tarar ba ni kaɗai ba ne. Lauyana ya ce kada in ambaci suna tukuna, shi ya sa ban ambata ba. Hotunan hirarmu ta WhatsApp da rasit uku da takardar mai hatimin zinare duk suna hannuna, zan sa su da zarar yarona ya rufe lambar fasfona da take jiki. A duba rasit na biyu da kyau, na dala 1,800, za a ga ko kwanan wata bai rubuta ba.