Rangadin cikin gadar Akashi Kaikyo: ya ci kuɗinsa

Duk wanda hanya ta kai shi Kobe a Japan, kada ya tsaya ga ɗaukar hoton gadar Akashi Kaikyo daga bakin teku. Akwai rangadin da ake yi wa rajista tun kafin ranar, a shiga da mutum cikin gadar kanta. Na yi, kuma ban yi da-na-sani ba.

Za a ba ka hular kwano, a sa ka rataye wayarka a wuya don kada ta suɓuce. Sai a bi da kai ta hanyar ma'aikata da ke ƙarƙashin titi. Daɓen ragar ƙarfe ne, kana takawa kana hango teku ta tsakanin ƙafafunka, manyan motoci suna rugugi a saman kanka. Daga nan lif ya hau da mu ƙololuwar ɗaya daga cikin hasumiyoyin gadar biyu, kusan mita 300, ga tsibirin Awaji, wanda gadar ta haɗa da Kobe, shimfiɗe a gaba.

Kallon yana da kyau, amma ba shi ya fi kama ni ba. Bayanin kula da gadar ne. Manyan igiyoyin nan biyu da ke riƙe da ita, kowace kaurinta ya haura mita ɗaya, kuma siraran wayoyi 36,830 ne aka ɗaure wuri guda. Babban abokin gabarsu tsatsa, ga iskar teku mai gishiri. Fenti ba ya kaiwa can ciki, don haka injina ke hura busasshiyar iska cikin igiyoyin dare da rana, danshi bai samun wurin zama. Wallahi wannan dabara ta burge ni fiye da tsayin hasumiyar, domin aiki ne da mai wucewa a mota ba zai taɓa gani ba.

An fara ginin a 1988, aka buɗe a 1998. Girgizar ƙasar Kobe ta 1995 ta same su hasumiyoyi na tsaye, ta ƙara tazararsu da kusan mita ɗaya, shi ya sa tsawon gadar tsakanin hasumiyoyin biyu ya zama mita 1,991. A wannan tsawon ita ke kan gaba a duniya har 2022, lokacin da gadar Canakkale ta Turkiyya ta wuce ta.

Mai jin jiri in ya hau sama ya haƙura, akwai gidan baje kolin gadar a ƙasa. Sauran kuma su sa takalmi sau-ciki, su riƙe rigar sanyi, don iskar can sama ba ta wasa.