Kujerar da ba tawa ba a silimar Milton Keynes

Jama'a, Asabar ɗin da ta wuce na sha kunya a ƙasar mutane, kuma ni na jawo wa kaina. Wata takwas ke nan ina Milton Keynes, arewa da Landan, sai ran nan na ce bari in leƙa wani gidan silima da ke bakin gari. A waya na sayi tikiti, na nuna a ƙofa, ba wanda ya ture ni, ba ɗan sanda da dorina. Na shiga na ga kujeru fayau, na zaɓi ta tsakiya na baje kamar ta gado.

Can sai ga wata dattijuwa da sandarta ta tsaya a kaina. Ba ta ɗaga murya ba, haƙuri ma ta fara ba ni, sannan ta nuna mini tikitinta. Ashe kowace kujera da lambarta, tawa tana can gaba kusa da allo, inda wuya ke ƙagewa. Na miƙe gumi na keto mini a cikin sanyin nan. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi, don na san yadda ake rama zagi. Wannan haƙurin nata ne ya kashe mini jiki.

Da aka tashi ita ta tare ni a bakin ƙofa, wai kada in sa abin a raina. Na ce Baba, a garinmu wanda ya riga zuwa shi ke da benci. Ta yi dariya, hira ta ɓarke. Ta ce tana cikin waɗanda suka yi layi a 1985 lokacin da aka buɗe The Point a tsakiyar garin nan, gida ɗaya mai ɗakunan kallo 10, wanda ake ƙirgawa a matsayin na farko irinsa a Birtaniya. An yi masa dala ta ƙarfe mai launin ja a ka, da dare tana haske ana hangowa daga nesa. Ni dai dalar gyaɗa ce ta faɗo mini a rai. Kamfanin AMC na Amurka ne ya kawo shi, a lokacin da silima ke gargarar mutuwa a nan, don a 1984 tikiti miliyan 54 kacal aka sayar a duk ƙasar.

Daga nan gidan ya yi ta sauya hannu kamar goron biki. AMC ya sayar, ya koma hannun kamfanin UCI. A 2003 Stelios Haji-Ioannou, mai jiragen easyJet, ya karɓa ya sa masa easyCinema: tikiti daga kwabo 20 na Ingila in ka saya da wuri ta intanet, ba mai sayar da tikiti a taga, ba a sayar da gugguru, ka zo da naka. Manyan masu rarraba finafinai suka ƙi ba shi sababbi a kan kari, abin bai yi ƙarko ba, a 2006 kamfanin silima na Odeon ya karɓe. A 2015 aka rufe, Odeon ya koma sabon gini kusa da filin ƙwallon MK Dons. Abin dariya, a 2016 AMC ɗin nan dai ya saye Odeon ɗungurungum, shi kuma a lokacin yana hannun kamfanin Wanda na China tun 2012.

Dattijuwar nan ta jero mini sunayen kamar tana lissafa jikokinta. Na tambayi kaina, a cikinmu wa zai iya faɗin hannu nawa silimun Kano irin su Plaza ko Eldorado ko Orion suka bi tun daga Kwarori? Mu namu, mai gida na kwanta dama sai magada su raba, a wayi gari wurin ya zama shaguna ko sito, ko hoton ƙofar ba wanda ya ajiye. Sai surutu a majalisa cewa da can an yi zamani.

Kada ku ɗauka komai na nan zuma ne. Gugguru da lemo ɗaya sun kusa kuɗin tikitin, na juya shi zuwa naira na ji kaina ya sara. An ɓata kusan rabin awa ana talla kafin fim ya fara. Ga shiru kamar gidan makoki. Jarumi ya kifar da bos, ni kaɗai na ce "yauwa!", mutum uku suka waiwayo. Nan take na tuna silimar gida, sama a buɗe, rake a hannu, ƙanshin tsire na shigowa daga waje, ɗaruruwan mutane na ihu a kashe shi, wani na bayanka yana faɗa maka abin da zai faru don kallonsa na biyar ke nan.

Mako mai zuwa zan koma. Na riga na sayi tikitin, layi na takwas, kujera ta 12, na rubuta a takarda na sa a aljihu.