Manhajar da ta kai ni kabarin Alhaji Ali a hamadar Arizona

Ɗan ƙanwata da ke karatu a birnin Finiks na jihar Arizona a Amurka ne ya saka mini manhajar a waya, daren da za mu fita. Irin wadda ake saya sau ɗaya ce, ka haɗa ta da rediyon mota, duk inda ka iso sai murya ta fara ba ka tarihin wurin. Na ce masa ni ban ga abin da hamada za ta nuna wa mutumin da ya tashi a bakin hamada ba. Ya ce, “Kawu, ka dai bari mu isa Kwatsayit.”

Tafiyar awa biyu ce zuwa yamma a kan babbar hanya mai lamba 10. Muna dab da garin muryar ta soma zancen raƙuma. A 1855 majalisar Amurka ta ware dala 30,000 don sayo raƙuma da sojoji za su gwada a busasshen yankin ƙasar, a lokacin Jefferson Davis ne sakataren yaƙi. Aka yo jigilarsu ta teku zuwa Tekzas a 1856 da 1857, tare da mutanen da suka san kiwonsu. Cikinsu akwai Hadji Ali, wanda sojoji suka kasa faɗin sunansa suka mayar da shi Hi Jolly. Ya yi aiki da ayarin Edward Beale da ya shata hanyar keken doki a arewacin Arizona a 1857. Raƙuman sun yi abin da aka san su da shi, kaya mai nauyi, ƙishirwa ba ta dame su ba. Amma dawaki da alfadarai na firgita da su, sojoji ba sa son su, yaƙin basasa kuma ya ɓarke a 1861. Aka yi gwanjon wasu, wasu suka bazu cikin daji.

Kabarin Hadji Ali na cikin maƙabartar garin Kwatsayit. Ƙaramar dala ce da aka gina da duwatsun yankin, da siffar raƙumi na ƙarfe a ƙololuwarta. Ya rasu a 1902, hukumar hanyoyin jihar ta yi masa wannan gini a 1935. Na dafa dutsen, rana ta riga ta gasa shi tun kafin hantsi ya yi nisa. Muka tsaya muka yi masa addu’a.

Nan ne kuma manhajar ta ɓata mini rai. Mai maganar ya maimaita “Hi Jolly” yana dariya, kamar sunan ne kaɗai abin sha’awa a rayuwar mutumin. Bai tsaya ya faɗa wa mai sauraro cewa Hadji laƙabi ne na wanda ya sauke farali ba. Ni da na ji sunan, Alhaji Ali na ji, sunan da ba a rasa mai shi a kowace unguwa a gida. Mutum ya bar ƙasarsa ya bi raƙuma ya ƙetare teku, ya shekara arba’in da wani abu a baƙuwar ƙasa har ƙasa ta rufe masa ido. Ya cancanci a kira sunansa daidai ko da sau ɗaya.

Daga nan muka yi arewa zuwa garin Tafkin Habasu, inda Gadar Landan take. Ta gaske, wadda aka gama a 1831 a kan kogin Tems. Da ta fara nutsewa sai wani attajiri, Robert McCulloch, ya saye ta a 1968 kan dala miliyan 2 da dubu 460, aka sa wa duwatsun lamba, aka kawo su ta mashigin Panama, aka manna su a jikin sabon ginin kankare. A tudu aka gina ta, daga baya aka haƙa mata ruwa a ƙarƙashi, aka buɗe a 1971. A nan manhajar ta burge ni, don ta kawo jita-jitar da ake yi cewa attajirin ya ɗauka wata gadar ce mai hasumiya yake saye, ta kuma ce masu cinikin sun ƙaryata.

La’asar ta same mu a Otman, tsohon garin haƙar zinari a kan Hanya 66. Jakuna ne suka cika titi, jikokin waɗanda mahaƙa suka saki da aiki ya mutu. Wani ya cusa kansa ta tagar motarmu yana shinshina jakata. ’Yan ƙananan an manna musu takarda a goshi cewa kada a ba su abinci, don har yanzu nono suke sha. Garin ya ci sunan Olive Oatman, yarinyar da aka kama a 1851, ta zauna cikin ƙabilar Mohabe har aka yi mata shuɗin zane a haɓa. Labarinta manhajar ta ba shi minti biyar, su Mohaben kuwa, masu ƙasar tun fil azal, ko minti ɗaya ba su samu ba.

Wanda zai saya, ya sauke dukkan sautin tun yana gida. Mu ba mu yi ba, a hawan dutsen da ke bayan Otman sabis ya ɗauke, muryar ta yanke a tsakiyar jimla, ba ta dawo ba sai da muka kusa Kingman. Tana kuma cin caji sosai, a tafi da igiyar caji ta mota. Turancin mai maganar a hankali yake fita, ban sha wahalar fahimta ba. Kuɗinta bai kai abin da muka kashe a abincin rana ba, kuma ba don ita ba da mun wuce maƙabartar nan a guje. Tauraro huɗu na ba ta cikin biyar. A wurin da ake rubuta ƙorafi na roƙe su su sake naɗar sashen Kwatsayit, su ce Hadji Ali, su kuma faɗi ma’anarsa.