Gargaɗi kan matar da ta ci mini naira 42,000 da sunan gishirin teku

Kwana huɗu ke nan ina jinkirin rubuta wannan saboda kunya, amma naira 42,000 ba kuɗin da zan haɗiye in yi shiru ba ne. Shekara tara ina haɗa yaji da dambun nama ina sayarwa a Tudun Wada, na san gishirin buhu, na san kantun Bilma, saboda haka kada wani ya ce mini rashin sani ne ya ja mini.

A Kwangila muka haɗu. Ta buɗe bokiti, ta zuba mini ɓarɓashi a tafin hannu, fari tas, na ɗanɗana na ji ya narke babu ɗaci, ta dube ni ta ce, “Hajiya, wallahi shi nake zuba wa mahaifiyata.” Wannan rantsuwar ce har yau take dawo mini. Ashe na saman ne kaɗai na kirki. Kafin nan ma na riga na tura mata 20,000 tun ranar da na ga tallarta a Facebook, a wurin kuma na cika 22,000, bokiti uku, naira 42,000 cif.

Da na zo kwaɓa yaji na kai tsakiyar bokitin, sai ga gishiri ruwan toka mai danshi. Na jiƙa cokali biyu a kofin gilashi, yashi ya kwanta a ƙasa. Maƙwabcina ya ce irin wanda ake barbaɗa wa fata ne kada ta ruɓe. Lambarta a kashe take tun ranar Talata, ko Litinin ma, domin ranar na fara kira.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne cewar da ta yi ba ya tayar da hawan jini, har na ɗiba wa Baba. Gishirin teku na gaskiya ruwan teku ne da aka bari ya ƙafe, kuma sinadarin sodiyam ɗinsa, wanda shi ne ke tayar da hawan jini, kusan ɗaya ne da na gishirin gida, ga shi sau da yawa babu aidin da ke kare mutum daga maƙoƙo. Na san wannan, amma na biya.

Hotunan hirarmu da shaidar tura kuɗin suna nan, zan ɗora su da yamma. Kada ku sayi gishirin da babu lambar NAFDAC, kuma ku tona har ƙasan bokiti kafin ku biya.