Ƙwan lantarki na LED mai wat 9: ya cancanci kuɗinsa, idan an iya zaɓe

Tun da hukumar kula da wutar lantarki ta Najeriya, wato NERC, ta ɗaga farashin wuta ga masu rukunin A, wato waɗanda aka ware wa wuta ta aƙalla awa 20 a rana, zuwa naira 225 kan kowace yunit a watan Afrilun 2024, magidanta da yawa suka fara duban mitarsu da idon basira, kuma ragin da aka yi daga baya bai mayar da farashin inda yake a da ba. Shi ya sa na ga ya dace in yi bayani kan ƙwan LED mai wat 9, wanda shi ne nake amfani da shi a yawancin ɗakunan gidana.

Hasken da yake bayarwa ya kai kimanin lumen 800 (lumen shi ne ma'aunin yawan haske), daidai da na tsohon ƙwai mai zaren waya a ciki wanda ke cin wat 60. Tsohon ƙwan yana ɓarnatar da kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da yake sha wajen fitar da zafi, shi ya sa ba a iya taɓa shi da hannu bayan ya ɗan jima a kunne. Lissafin ba shi da wuya. Gidan da ke kunna ƙwai goma na tsawon awa shida kullum zai ci yunit 3.6 a rana da tsohon ƙwai, amma da LED bai wuce yunit 0.54 ba, ke nan an tsira da fiye da yunit 90 a wata. Ko da naira 200 aka lissafa kowace yunit, abin da ya rage a aljihu ya haura naira 18,000. Wanda ya riga ya koma ƙwan nan mai murɗaɗɗen gilashi ba zai ga bambanci mai yawa haka ba, domin shi wat 13 zuwa 15 yake ci, sai dai yana ɗauke da sinadarin makuri mai illa idan ya fashe, kuma yakan ɗauki lokaci kafin haskensa ya cika, alhali LED yana kamawa nan take.

Abin da ya fi burge ni shi ne juriyarsa idan an kawo wuta mara ƙarfi. A daren da fanka ke juyawa da ƙyar, mai kyau daga cikin waɗannan ƙwayaye yakan ci gaba da haske yadda ya saba, kuma bai zama nauyi ga ƙaramin janareta ko batirin sola ba.

Matsalar tana wurin zaɓe, domin kasuwa ta cika da iri-iri, kuma ba duk abin da aka rubuta a kwali ne gaskiya ba. Na sayi wasu masu araha da aka rubuta musu wat mai yawa, amma haskensu bai kai na mai wat 9 na kirki ba, kuma ba su daɗe ba suka fara ƙyaftawa. Da na buɗe ɗaya daga cikinsu, sai na tarar babu komai a ƙarƙashin ƙananan fitilun sai roba da ɗan siririn faranti, alhali mai kyau yana da gwangwanin alminiyam a wuyansa wanda ke janye zafi daga kayan cikinsa. Zafi ne babban abin da ke kashe ƙwan LED, kuma a garuruwa irin su Kano da Sakkwato, inda zafin bazara kan haura digiri 40, wannan ba ƙaramin lamari ba ne. Saboda haka ina ba mai saye shawara ya ɗaga ƙwan a hannu ya ji nauyinsa, ya nemi adadin lumen a kwali maimakon ya dogara da wat kawai, sannan ya sa mai shago ya kunna masa shi, ya haska shi da kyamarar waya. Idan layuka masu duhu suna gudu a fuskar wayar, ƙwan yana ƙyaftawa ko da ido bai gani ba, kuma irin wannan yakan gajiyar da idon yaro mai karatun dare. Awa 15,000 zuwa 25,000 da ake rubutawa a kwali a matsayin tsawon rayuwar ƙwan, a ganina, sai a ɗauke su a matsayin abin da zai yiwu idan ƙwan yana shan iska, ba idan an kulle shi cikin gilashin ado da ba ya fitar da zafi ba.

Launin haske ma abin lura ne. Mai alamar 6500K fari ne fat, ya dace da kicin da wurin ɗinki ko karatu. Mai 3000K yana da ɗan rawaya, ya fi daɗi a ɗakin kwana, kuma na fi son sa a tsakar gida da damina domin bai cika tara ƙwari kamar farin ba. A kuma duba gindin ƙwan kafin a biya, ko mai zare ne da ake murɗawa ko mai kunnuwa biyu, don ya dace da mariƙin da ke gida.

Akwai irinsa mai batir a ciki, wanda ke ci gaba da haske idan an ɗauke wuta. Yana da amfani a falo da banɗaki, amma ya fi tsada, haskensa kan ragu idan ya koma kan batir, kuma batirin kan yi rauni tun ƙwan bai mutu ba. Ɗaya ko biyu sun isa gida.

Kada dai magidanci ya zaci canza ƙwai kaɗai zai tsayar da gudun mita. Hitar dafa ruwa mai wat 1,000, wadda ake yawan sakawa a bokiti da hunturu, tana cin abin da ƙwan nan zai ci a fiye da awa ɗari idan ta yi awa ɗaya a kunne, haka ma dutsen guga. Duk da haka, a ɓangaren haske, ban ga abin da ya kai ƙwan LED mai wat 9 mayar da kuɗinsa da wuri ba, kuma ina ba da shawarar a fara da ɗakunan da fitilarsu ta fi daɗewa a kunne, a ƙara ɗan kuɗi a sayi mai nauyi daga shagon da zai yarda ya canza shi idan ya mutu da wuri.